Feshin sanyaya wuƙa a shagon tana na gida: wa ya taɓa haɗawa?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da ƙaramin injin tana (mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi) da na milin (mai juya wuƙa tana sassaƙar ƙarfe) na kan tebur a garejin gidanmu, nan nake ɗan taɓawa idan na taso daga kasuwa. Yawanci bushin nake yi, da fuli na alminiyom, da shaf ɗin injin markaɗe idan an kawo. Alminiyom ɗin ne ya dame ni. Da na ɗan matsa wa injin sai ya manne a bakin wuƙa, aiki ya fito da kaushi kamar an ja shi a kan siminti. Satin nan kaɗai bit biyu, wato wuƙar milin, na karya. Na ga a bidiyo ana kafa wani ɗan bututu mai fesa iska da ruwa a bakin wuƙar. Ina da kwampresa mai lita 24. Me zan saya, kuma me ake zubawa a ciki?

Baba Tana:
Wa alaikumus salam. Yaro, nemi gwangwanin madara da burushin fenti. Baƙin mai idan ƙarfe ne, kananzir idan alminiyom ne, kana yanka kana shafawa. Shekara 34 ina wannan sana'a a Panteka ban taɓa fesa wa wuƙa komai ba, kuma ban kwana da yunwa ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Allah ya ƙara girma Baba. Haka nake yi yanzu. Amma hannu biyu gare ni, ɗaya yana juya injin, ɗaya yana riƙe da burushi, ga ɓurɓushi ya cika ramin da nake yanka, wuƙar tana ta sake tauna shi. Rannan saura ƙiris bit ya naɗe burushin da yatsana.

Injiniya Sharaɗa:
Malam, kafin ka kashe ko sisi ka san cewa abin nan iri biyu ne, ko da yake a hoto kamarsu ɗaya.

Na farko shi ne mai araha da ya cika intanet: ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, da bututu mai lanƙwasa, da siririn tiyo da ake tsomawa a kwalba. Aikinsa irin na kafireta ne. Iska tana wucewa da gudu ta ƙuntataccen rami, sai ta zuƙo ruwan daga kwalba ta farfasa shi. Sai da iska mai ƙarfi yake zuƙa, iska mai ƙarfi kuwa niƙe ruwan take yi ya zama hazo. Hazon nan ba kan wuƙa yake tsayawa ba, ɗakin yake cikawa.

Na biyu tanki ne a rufe. Iska tana danna ruwan daga sama, ruwan ya bi nasa siririn tiyo shi kaɗai har bakin bututu, can ne kawai zai haɗu da iska. Tun da ba zuƙa ake ba, iska kaɗan ta isa, psi 10 zuwa 20 a ma'aunin ƙarfin iska, wato kamar ba (bar) 1 a gejinka. Ɗigon yana fita da kauri, ya faɗa inda aka nuna shi. FogBuster na Amurka haka yake aiki, kuma mutane da yawa suna haɗa irinsa da hannunsu.

A taƙaice yayyafi kake nema, ba hazo ba.

Sani Walda:
Ruwan kuwa ba wahala. Je ka wajen masu kayan mota ka ce a ba ka kulan, koren nan ko ja. Galan ɗaya sai ya yi maka wata shida.

Injiniya Sharaɗa:
Subhanallahi, a'a Oga Sani! Suna ne kawai ya zo ɗaya. Na lagireto sinadarin etilin gilaikol ne a cikinsa, guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da zaƙi-zaƙi, yaro ya samu sai ya sha. Kuma ba ya sa wa wuƙa santsi. Abin da ake nufi shi ne man yanka mai narkewa a ruwa, wanda idan ka dama shi yake komawa fari kamar madara. Wajen masu sayar da kayan masana'antu ake samu, ba wajen masu sifaya ba.

Sani Walda:
To Allah ya kyauta. Na janye.

Anti Nas:
Ku yi haƙuri na shigo maganar maza. Na yi shekaru a ɗakin shan magani na wata masana'anta, shi ya sa. Malam mai tambaya, garejin nan yana da ƙofa ta cikin gida? Taga nawa? Yara suna shiga?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Akwai ƙofa da ta fita tsakar gida, Hajiya. Taga ɗaya ce ƙarama ta sama. Da dare nake aiki, nakan ja babbar ƙofar saboda ƙara. Yara kam da sun ji injin ya tashi sun zo kallo.

Anti Nas:
To a nan hankalina ya tashi. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawara tun 1998 cewa hazon ruwan yankan ƙarfe kada ya wuce rabin miligiram a kowace kubik mita ta iska. Mu lissafa. Gareji mai mita 3 a 4, tsayi mita 3, kubik mita 36 ke nan. Rabin 36 shi ne miligiram 18. Ɗigon ruwa ɗaya kusan miligiram 50 ne. Ka ga ko rabin ɗigon mai bai gama watsuwa a iskar ɗakinka ba ka kai iyaka.

Abin da yake jawowa kuwa: asma, tari da ba ya jin magani, ƙaiƙayin hannu, da wani kumburin huhu da ake yawan ɗauka nimoniya ce ko tibi. A 2003 zuwa 2004, a wata masana'antar injin mota a Longbridge ta Birmingham a Ingila, ma'aikata kusan 100 suka kamu da ciwon numfashi, aka bi diddigi aka tarar hazon ruwan yanka ne. Can fa ƙaton fili ne mai na'urorin zuƙe iska, ba gareji mai taga ɗaya ba.

Baba Tana:
Hajiya, da girman kujerarki, amma ku masu asibiti komai kisa ne a wurinku. Hayaƙin walda mun sha, na janareta mun sha, ƙurar garandin mun sha. Ga mu nan.

Anti Nas:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Waɗanda kuka fara tare su nawa ne har yanzu suke iya hawa bene ba su tsaya hutawa ba? Ba gardama nake ba, tambaya ce. Kuma tun da ka ambaci baƙin mai, shi ne ya fi komai muni. Man da inji ya gama ƙonawa yana ɗauke da sinadaran da ke jawo kansar fata. Tun zamanin masaƙun auduga na Lankasha a Ingila aka gane haɗarin man inji ga fata, lokacin da ma'aikatan da man inji ke jiƙa wa wando suka riƙa kamuwa da ciwon daji a ƙasan mara. Shi ya sa har yau ake hana sa tsumman mai a aljihun wando. Shafa shi ma da matsala, balle a fesa a shaƙa.

Baba Tana:
Maganar bene ki bar ta. Tsumma kuwa yanzu haka yana aljihuna.

Amma tun da kun dage sai an yi feshi, bari in faɗa wa yaron abin da bidiyo ba zai faɗa masa ba. Ƙarfen kas, wato na zubi, ba a sa masa komai, a bushe ake yanka shi, shi da kansa yana da santsi. Ka jiƙa garinsa ya zama baƙin kunu, ya shiga ƙarƙashin sirdin injin ya ci maka layin da sirdin ke bi. Tagulla ma a bushe. Huda mai zurfi da yanka zare da taf, feshi ba ya kai wa can ciki, sai mai da hannu. Sannan hunturu na tafe. Duk inda laimar mai ta kwanta a jikin inji ƙura za ta bi ta zauna, su biyun su zama man goge bawul. Na ga injin Ingila mai kyau da aka kashe da wannan, ba da aiki ba.

Injiniya Sharaɗa:
Wallahi duk abin da Baba ya faɗa haka yake, ba ni da abin cirewa. In ƙara ɗaya: idan kana milin ƙarfe da wuƙar kabayid, mai tsananin taurin nan, ko dai feshin ya tafi ba yankewa, ko ka bar iska zalla. Ta yi zafi, ruwa ya taɓa ta, ta sake zafi, haka za ta yi ta tsattsagewa a baki kamar kofin gilas da aka zuba wa ruwan sanyi bayan shayi.

Abin da ya sa ruwa kaɗan yake aiki shi ne ƙafewa. Giram ɗaya na ruwa kafin ya zama tururi yana kwashe kalori wajen 540, alhali ɗaga shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa kalori 100 ne kacal. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Frederick Taylor ya gwada a masana'antar ƙarfe ta Midvale a Filadelfiya, ya ga kwarara ruwa a bakin wuƙa yana ba da damar ƙara gudun yanka da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Sai dai gaskiya, a ƙaramin inji irin naka, rabin amfanin iskar ce ke yin sa, don ita ke kore ɓurɓushi. Ruwan ɗan santsi ne kawai da zai hana alminiyom mannewa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan man gujiya munka fi samu. Shi ba guba ba ne tunda ci mukai. Mi za ya hana a zuba shi?

Injiniya Sharaɗa:
Tunaninka bai yi nisa da gaskiya ba ɗan'uwa, don man da manyan kamfanoni ke amfani da shi a irin wannan feshin da yawansa daga man tsirrai ake sarrafa shi. Kuma ɗan kaɗan suke sha, mililita 50 a awa ma ana ganin ya yi yawa. Amma ɗanyen man gyaɗa daban ne. Ka dubi bayan kaskon mai ƙosai, wannan danƙon da ko soso ba ya fitarwa. Haka zai yi a layin injinka da cikin bawul bayan 'yan makonni.

Anti Nas:
Kuma ciki daban, huhu daban. Man da ciki zai narkar, huhu ba shi da yadda zai yi da shi.

Sani Walda:
Ga kiyashi. Na taɓa shafa wa bais, abin matse aiki, man gyaɗa, da safe na tarar sun yi sansani.

Auwalu CNC:
Ni tambaya ɗaya zan yi da ba wanda ya yi. Malam, bit ɗinka haƙora nawa ne? Kuma alminiyom ɗin sanda ce ta kamfani ko narkakke ne na masu tukwane?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Haƙora huɗu ne, Oga Auwalu, su na samu. Alminiyom kuwa ni nake kai tarkace a narka a zuba mini, gwangwanaye da tsofaffin tukwane da duk abin da ya samu.

Auwalu CNC:
To ga ɓarawon nan. Haƙora huɗu na ƙarfe ne, ramukansu ƙanana ne, ɓurɓushin alminiyom ba ya samun hanyar fita sai ya cushe. Nemi mai biyu ko uku, mai kaifi, wanda bai taɓa cin ƙarfe ba. Gwangwani da tukunya kuma laushi gare su, kamar cingam suke a bakin wuƙa. Idan za ka kai narki, tara fiston da kan silinda da gidan giya, waɗanda dama zuba su aka yi, suna da silikon a ciki, sun fi yankuwa. Ka gyara waɗannan biyun, rabin kukanka ya ƙare tun kafin feshi.

Wasu suna fesa sifirit a kan alminiyom, aiki ya fito fes ba maiƙo, injinan Datron na Jamus ma da shi suke aiki. Amma a rufaffen gareji, kusa da janareta da garandin, ban ba ka shawara ba. Wutarsa da rana ko ganinta ba a yi.

Baba Tana:
Yawwa. Yanzu na ji magana. Wuƙa ce ba daidai ba, aka tashi za a sayi ruwan sama.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Na karɓa Baba. Amma zan haɗa ɗin duk da haka, ko don hannuna ya huta da burushi. Injiniya, lissafa mini kayan.

Injiniya Sharaɗa:
Gidan filtar ruwa mai inci 10, irin wanda ake sa wa famfon burtsatse, shi ne tankinka. Cire filtar, ka sa tiyo daga murfin ya sauka har ƙasa don ruwa ya hau ta nan. Ƙaramar regileta mai geji, da tarkon ruwa mai tare laimar iska kafin ta. Iskar da ta fito daga regileta ka raba ta biyu, ɗaya ta shiga saman tanki, ɗaya ta tafi bakin feshi. Tiyo mai milimita 6 na iska, mai 4 na ruwa. A layin ruwan sa bawul mai allura, wanda ake murɗawa a hankali, kada ka sa mai hannu irin na famfo, ba zai saitu ba. Bakin feshin kai ma'aikacin tana ne, yanka ɗan guntun tagulla ka huda, siririn bututun ruwa ya bi ta tsakiyar na iska. Wasu kan walda na MIG mai 0.8 suke ɗaurawa a ƙarshe. Ka ɗora shi a kan gindin maganaɗisu na agogon awo.

Roba ce fa gidan filtar nan. Kada ka haɗa shi da kwampresa kai tsaye, iska mai ƙarfin ba 8 ba wasa ba ce. Kuma kada kananzir ko sifirit su shiga cikinsa, suna tsattsaga irin robar nan.

Bayan kwana shida

Ɗan Ƙofar Ruwa:
'Yan zaure na dawo. Na haɗa, kuma na sami bit mai haƙora biyu a Sabon Gari. Aiki kam ya canza, fulin da na yi jiya har fuskata nake gani a jiki. Amma ga matsaloli. Feshin yana tari, ya tofa ya tsaya ya sake tofawa. Kwampresa ba ta hutawa, duk tashinta sai janareta ya yi kamar zai mutu. Ruwan da na dama ya yi wani kitse-kitse a sama. Kuma da safe na ɗaga bais na ga tsatsa ta kwanta a kan tebur.

Injiniya Sharaɗa:
Geji nawa ka sa? Ina ka ajiye tankin? Wane ruwa ka yi amfani da shi, kuma wanne ka fara zubawa?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Ba 3 na sa, na ga kamar 1 ba ta da ƙarfi. Tanki yana ƙasa kusa da ƙafar tebur. Ruwan burtsatse ne, na zuba man a kwalba na bi shi da ruwa na girgiza.

Injiniya Sharaɗa:
To duk ka taɓo su. Sauke iska zuwa ba 1, kwampresa za ta samu numfashi, kai ma haka. Ɗaga tankin ya zo daidai tsayin bakin feshi ko ƙasa da shi kaɗan. Idan ya yi ƙasa sosai ruwan yana komawa duk lokacin da ka kashe, iska ta shiga layin, shi ne tarin da kake ji. Idan ya fi bakin tsayi kuma zai yi ta ɗiga ko ka kashe. Duba mahaɗan tiyo da ruwan kumfa ko akwai inda iska ke fita. Sannan kwance ɗan noti na ƙarƙashin tankin kwampresa, za ka sha mamakin jan ruwan da zai fito, musamman yanzu da damina ba ta gama tafiya ba. Kullum ka tashi aiki ka zubar.

Damu kuwa ruwa ake fara zubawa, sannan a tsiyaya mai a hankali ana juyawa. Ka juya tsarin, ba zai haɗu da kyau ba. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri, wanda sabulu ba ya kumfa a ciki, shi ke kawo kitsen nan. Yi amfani da ruwan sama da aka tace ko piya wata. Bi abin da aka rubuta a jikin galan, yawanci mai kashi 1 ne a ruwa 20 ko kusa da haka. Idan ka tsinka shi don tsimi, maganin tsatsar da ke ciki ba zai isa ba, abin da ka gani ƙarƙashin bais ke nan.

Baba Tana:
Ko ka dama daidai, ƙarƙashin bais sai an ɗaga an goge an shafa mai. Wannan ba injiniyanci ba ne, tarbiyya ce.

Anti Nas:
Malam, yi mini gwaji ɗaya yau da dare. Ka yi aiki na minti goma, ka kashe fitilar garejin, ka haska tocila daga gefe. Ka faɗa mana abin da ka gani.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Hajiya na yi, kafin in sauke iskar. Innalillahi. Kamar hasken mota a hanyar Haɗeja cikin hunturu. Da fitila a kunne ban ga komai ba sam. Na sauke zuwa ba 1, na rage ruwan har sai da na daina ganinsa yana fita, sai na kara takarda na ƙirga biyar kafin ta yi laima. Na buɗe ƙofa iska ta wuce, na sake gwadawa. Yanzu ɗan kaɗan ne kusa da wuƙar.

Anti Nas:
Alhamdu lillahi. Ɗan kaɗan ɗin ma a nema masa hanya. Sa fanka a tagar nan tana hurawa waje, ba ciki ba, ka bar babbar ƙofa a ɗan buɗe don sabuwar iska ta shigo ta bayanka. Ƙofar tsakar gida a rufe ta, a toshe ƙasanta, yara su yi kallo daga waje. Takunkumin asibiti ba ya tare wannan. Ko N95 ba don mai aka yi shi ba, harafin N ɗin ma abin da yake nufi ke nan, mai R ko P ake nema. Kuma kada ka dama da yawa. Wanda zai ƙare a kwana biyu uku ya isa. Idan ya daɗe a zafin nan ƙwayoyin cuta suna haihuwa a ciki, za ka ji yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma su ne za ka fesa wa huhunka. Ya yi wari a zubar a wanke tanki, kada a ce za a gyara shi da Izal ko bilic.

Auwalu CNC:
Ka kuma sa tabarau, iskar nan tana harba ɓurɓushi inda ba ka zata ba. Bakin feshin ka nuna shi inda haƙori yake shiga aiki, ta gefen da zai tura ɓurɓushi nesa da kai. Idan wata rana ka mayar da injin na kwamfuta, bawul mai lantarki kawai za ka ƙara a layin iska, lambar umarni M7 ta kunna, M9 ta kashe.

Ɗan Maraɗi:
Kwampresar firij fa? Ita ba ta da ƙara, kuma wuta kaɗan taka ci.

Injiniya Sharaɗa:
Shiru kam tana da shi, amma iskarta ba ta da yawa. Za ta iya danna tankin ruwan, kore ɓurɓushi ne ba za ta iya ba sai ka ƙuntata bakin sosai. Kuma tana tofo nata man a cikin layi. Ban hana ka gwadawa ba, ka dawo mana da labari.

Baba Tana:
Yaro, ranar da za ka shigo Kaduna taho da abin nan in gani da idona. Akwai wani aikin alminiyom da ke ba yarana wahala. Amma kas ɗina ba zai ga ko ɗigo ba.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
In sha Allahu Baba, ranar Asabar ta sama. Zan yanka maka naka bakin feshin in taho da shi. Kwampresarka lita nawa ce, kuma akwai regileta a jiki ko in sayo?

Baba Tana:
Ta masu faci ce, babba. Sayo, zan ba ka kuɗinka. Tsumman ma na cire daga aljihu, a faɗa wa Hajiya.